Gwaggo Tabawa da Rumfar Baje Koli

Ku da kuka zauna da Gwaggo Tabawa a Toranke kun san ba a miƙa mata abu ta karɓa haka kawai. Sai ta kai shi hanci tukuna. Gyaɗa, goro, atamfa, jaririn da aka haifa jiya, duk ɗaya ne a wajenta. "Kawo in sunsuna," ita ce sallamarta. Ranar da na kai mata mijina gaisuwa kafin aurenmu, bawan Allah ya durƙusa yana ta sunkuyar da kai, ita kuwa ta matso ta ja numfashi a kan hularsa, ta ce, "Ba ya shan taba, amma da kaji yake wuni. Ki aure shi, ba za ki rasa ƙwai ba." Kuma wallahi kaji yake kiwo!

Ni ce Rakiya, 'yar ƙaninta Malam Sule. A hannunta na tashi, domin duk 'ya'yan da ta haifa ta binne su suna ƙanana, mijin ma daga baya ya bi su. Abin da ya rage mata a duniya shi ne kasko da turmi da muciya. Man gyaɗa take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Ajingi ta ɗora a mota ta kai. Mata biyu ne ke taya ta, Uwani da Hansai, dukkansu mazajensu sun rasu sun bar musu yara, kuma daga wannan kaskon ake ɗora tukunya a gidajen uku.

A shekarun nan na baya kasuwa ta mutu mata murus. Gyaɗa ta yi tsada, man jarka na kamfani ya cika kowane shago, mutane suka koma wa mai araha. Sau da yawa man Gwaggo ya je Ajingi ya dawo yadda ya tafi. Hansai har ta fara maganar tura babbar 'yarta aikatau birni. Ana cikin wannan hali ne Hajiya Ladi, shugabar ƙungiyar mata masu sana'a ta yankinmu, ta zo da albishir: an ba ƙungiya rumfa a babbar kasuwar baje koli da ake ci a Kano bayan kaka, kuma man Gwaggo da ƙulinta ake so a kai.

"Inna, manyan 'yan kasuwa ne ke zuwa wajen," in ji Hajiya Ladi. "Mutum ɗaya ya ɗanɗana ya ce a riƙa kai masa, kin huta."

Gwaggo ta kama gefen gyalen Hajiya ta sunsuna. "Wannan turaren na zaɓe ne. Wa ya aiko ki?"

"Haba Inna! Babu siyasa a ciki, wallahi."

"Wanda ya zo bara ma haka ya ce. Ya ɗauki hotonmu da injin niƙa, ya mayar da injin mota ya tafi."

Hajiya ta yi ta rantsuwa har da ɗan fushi. Sai da Hajiya ta tafi sannan Gwaggo ta dubi Hansai, wadda ke murje gyaɗa a faranti ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ke, ki bar yarinyar nan a gida. Za mu je birnin."

To fa, daga nan aka shiga uku. Masu shirya kasuwar sun ce ba a yarda da tsofaffin kwalabe ba, sai sababbin robobi masu murfi a liƙe. Gwaggo kuwa ɗaki guda gare ta cike da kwalaben da ta tara tun ina 'yar firamare, na lemo, na maganin tari, har da na turare. Da na gaya mata ba za a yi amfani da su ba, sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin kamar an yi mata rasuwa. "Kwalbar da na wanke da toka da hannuna ita ce ƙazama, robar da ban san uwarta ba ita ce mai tsafta?" Da robobin suka iso daga Kano, ɗaya bayan ɗaya ta bi su da hanci, ta ware wasu gefe ta ce warin kananzir suke yi. Uwani ta ce ita ba ta ji komai ba. "Ke dama hancinki ado ne," in ji Gwaggo.

Sai maganar sitika da za a manna a jikin roba. Na ɗauke ta muka je Gaya, inda nake koyarwa, wajen Nura mai buga katin biki. Ya riga ya tsara abinsa a kwamfuta: ga wata farar budurwa da ya samo a intanet, ta riƙe kwalba tana murmushi.

"Wace ce wannan?" in ji Gwaggo.

"Talla ce kawai, Inna. Haka ake yi yanzu."

"Dubi farcenta! Wannan ta taɓa riƙe muciya? In ta tsoma hannun nan a tunkuza ai sai a kai ta asibiti. Cire ta. Ni za ka sa."

Nura ya ɗaga waya zai ɗauke ta, ya ce ta ɗan yi dariya. Ta wage baki, ga 'yan haƙoran da suka rage mata tsaye can nesa da juna. Nura ya sauke wayar a hankali. "Inna, ko dai a rufe bakin?"

"A bar shi a buɗe. Duk wanda ya ga bakin nan ya san ƙulina ba na ragwaye ba ne."

Muna cikin dariya ya ce saura abu ɗaya, dole a rubuta ranar da man zai lalace. Nan dariyar ta tsaya. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Yaro, ni ban san ranar tawa mutuwar ba, zan san ta mai?" Da ƙyar muka shawo kanta. A mota muna komawa ba ta daina mita ba, wai an mayar da ita mai duba.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne Gwaggo ta daɗe da ciwon suga, kuma ba ta shan magani sai ranar da ta ga dama. Ƙafafunta sun daina ji. Wata safiya ana tsakiyar suyar gyaɗar baje koli, garwashi ya faɗo daga murhu ya zauna mata a kan ƙafar hagu. Tana ta juya kasko abinta. Can sai ta ɗaga kai ta ce, "Wa yake babbaka a gidan nan da sassafe?" Uwani ce ta duba ƙasa ta ƙwalla ihu.

Gwaggo ta shafa man gyaɗa, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aiki. Ƙuna ta zama gyambo. Sai da mahaifina ya zo ya tsaya mata a kai sannan ta yarda muka kai ta asibiti. Likita ya kwance tsumman, ya duba gyambon.

"Inna, yau za mu kwantar da ke. Yatsun nan biyu sun mutu, in ba a cire su ba abin zai hau sama."

"Bayan baje koli."

"Ba zai jira baje koli ba."

"Likita, an kira sunana a birni sau ɗaya tun da aka haife ni. Ka wanke ka ɗaure, in na dawo ka yanke abin da ka ga dama, har ka ƙara da na gyara."

Likita ya yi magana, mahaifina ya yi, ni na yi kuka. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce a kira mai babur.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Tana zaune a kan kujerar tsuguno, ƙafar a miƙe cikin zani, tana ba da umarni: a sake tace wancan, wannan ƙulin ya yi duhu, a cire shi. Kowa a gidan yana jin warin ƙafar. Matar da ke gane gyaɗar da ta kwana a ƙasa daga ƙofar gida, ita ce ta ce ba ta jin komai. Sai dai kullum ta sa a kunna turaren wuta kusa da ita, wai sauro ne ya yi yawa. Ta kuma hana kanta taɓa kayan da hannu, ta ja kujerarta can nesa da inda ake ɗura mai. Ba wanda ya tambaye ta dalili.

Ana gobe tafiya, Hajiya Ladi ta bugo waya ta ce kowa ya zo da farin ƙyalle na shimfiɗa a tebur. Na ce zan leƙa kasuwa in yanko yadi. Gwaggo ta ce kada in kuskura. Ta sa aka jawo akwatinta na ƙarfe, ta zaro wani farin yadi sabo fil, a naɗe da ganyen turare. Mahaifina yana zaune, ya gane shi nan take.

"Yaya! Ba likkafaninki ba ne wannan?"

"Shi ne. Zaman banza yake yi a akwati."

"Inna lillahi! Likkafani za ki shimfiɗa wa mutane su ci ƙuli a kai?"

"Sule, kafin a naɗe mutum a ciki yadi ne. Ko akwai littafin da ya hana?"

Mahaifina malami ne, amma bai samo littafin ba. "To in mai ya zuba a kai fa?"

"Sai a san sana'ata a can ba sai an tambaye ni ba."

Ya yi ta a'uziyya ya fita. Daga baya na same shi a zaure yana share ido da hannun riga.

Da hantsi muka loda kwalaye a bas daga Ajingi. Gwaggo ta sa sabon takalmin da ta saya don wannan tafiya, na dama kawai, don na hagu ya ƙi shiga. Shi kuma ta riƙe shi a jaka. Ranar ta jera kaya ce, washegari za a buɗe. Filin baje kolin nan ya fi garinmu girma: janareto na ruri, kafintoci na buga ƙusa, kamfanoni sun kafa rumfuna masu fitilu kamar gidan biki. Tamu tana can ƙurya, tsakanin mai injin ban ruwa da masu katifa. Gwaggo ta leƙa rumfar wani kamfanin mai, jarkoki jere har sama, ta ce, "Waɗannan ne suka kashe mu? Ashe ma a kusa suke."

Ta zauna ta sa muka shimfiɗa yadin, muka jera robobi. Sau uku tana sa mu rushe mu sake, wai hotonta yana kallon katifa maimakon hanya. Da komai ya yi mata daidai, ta kama tebur ta miƙe don ta gani daga gaba. Ta ɗan taka, ta tsaya tana kallon bakinta a wage a jikin kowace roba.

"Kai, amma na yi muni," ta ce. Sai ta sulale ƙasa.

Jikinta zafi kamar kasko. Masu katifa ne suka taimaka muka sa ta a adaidaita sahu zuwa asibiti. A ranar aka shiga da ita tiyata, kuma ba yatsu aka cire ba, ƙafar ce daga gwiwa. Ranar da aka buɗe baje koli, Uwani da Hansai ne suka tsaya a rumfa, matan da ba su taɓa kwana a Kano ba. Ni ina bakin gadonta.

Da ta farfaɗo ta shafa inda ƙafar take. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce, "Rakiya, takalmin hagun nan yana jaka, ko ƙasa bai taɓa ba. Ki zaga ɗakin nan ki nemo wadda aka yanke wa ta dama."

Na yi dariya hawaye na zuba, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Kullum da yamma Hansai takan zo ta ba ta labarin kasuwa. Babban ɗan kasuwar da Hajiya Ladi ta yi mana alkawari bai zo ba. 'Yan kallo ne suka yi ta tsayawa suna dariyar hoton, in sun tsaya kuma su ɗanɗana, in sun ɗanɗana su saya. Wani mai kanti a cikin gari ya karɓi lambar Hansai ya ce a riƙa kawo masa ƙuli. Ba wani mai yawa ba ne, amma har yau ana kai masa, kuma 'yar Hansai tana makaranta. Da aka gaya wa Gwaggo, idonta a rufe, ta ce, "Ku gaya masa ba a sayar wa mai haƙorin roba, kada ya jawo mana ƙara."

Ciwon ya riga ya shiga jini. Ba ta kai ranar da aka tashi kasuwar ba. Da rana tsaka ta cika, hannunta cikin nawa, mahaifina yana yi mata kalmar shahada tana bi a hankali. A bas ɗin da ya kai mu, a shi muka dawo da ita Toranke.

Har yau nakan ce da mun ɗaure ta mun bar ta a asibiti tun ranar farko. Mahaifina yakan ce, "Wa zai ɗaure Yaya?" Gaskiya ne kuma, ba a haifi mutumin ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Tabawa nan ta zo maKa. Ta sha wuya, ba ta roƙi kowa ba, ta ciyar da marayu da gumin jikinta. Ka yafe mata taurin kai da kaifin harshe, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka sanyaya makwancinta, Ka haɗa ta da 'ya'yanta da ta daɗe ba ta gani ba. Amin.