Baba Nababa, Mai Wankin Inji Na Bakin Tasha

Ranar Alhamis, bakwai ga watan Sha'aban, da hantsi, ina cikin aji ina koyarwa aka zo mini da labarin rasuwar Baba Nababa, mai wankin injin mota a bakin tashar ƙauyenmu da ke yankin Bagwai. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. An ce ya yi sallar Asuba a masallaci, ya dawo gida ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Baba, kai aminin mahaifinmu ne, kuma tun da ya rasu ba ka bar Juma'a ta wuce ba tare da ka zo gaishe da Innarmu ba, da ɗan goronka a aljihu. Hannunka kullum yana ƙanshin kananzir. Muna yara muna toshe hanci, kai kuma kana bin mu kana cewa za ka shafa mana turare.

Ba ka wankin jikin mota, ka ce wannan kowa ma ya iya. Naka shi ne a ɗaga bonet. Sai ka jira inji ya huce, ka ɗaure batir da wayoyi da leda, ka bi lungu-lungu da kananzir da tsohon burushi har maiƙon da ya daskare da jar ƙasar hanyarmu su saki. Ka zuba ruwan omo a hankali, ka goge da tsumma, ka shafa wa robobi mai har su yi baƙi wuluk suna sheƙi. Direbobi suna tsokanarka, wai wa zai ga wannan kwalliyar bayan an rufe bonet. Ka kan ce ai kai ka gani, kuma a inji mai tsabta ake gane inda mai yake yoyo. Doka ɗaya gare ka, ba a tayar da mota sai inji ya bushe, kuma makullin yana aljihunka har sai ka ce ya yi.

Da wannan dokar ka yi wa gidanmu aikin da ba zan manta ba. 'Yan'uwana biyu, Yaya Kamaruddeen da ƙanena Jamil, dukansu direbobin haya ne a hanyar Kano. Da aka raba gonar gado, wata bishiyar ɗorawa ta kasance daidai kan iyakarsu, kowa ya ce tasa ce. Daga nan magana ta yanke tsakaninsu, shekara da shekaru ko gaisuwa babu. An kai su gaban dagaci, malamai sun yi wa'azi, duk a banza. Inna ta tsufa, ta rame, ba ta da wata addu'a sai ta ga sun shirya kafin ta bar duniya.

Wata rana ina cikin motar Jamil za mu Kano, ka tare shi ka ce kana jin ƙauri daga injinsa, lallai a wanke a duba. Yana ɗaga bonet ka karɓe makulli. Sai da ka jiƙa injin sannan muka lura da motar Yaya a gefe, ita ma bonet a buɗe, ruwa na ɗiga. Benci ɗaya ne a inuwar wurin, Yaya da Jamil kowa ya kama ƙarshensa ya juya baya.

Can Yaya ya ce, "Baba, a ba ni makullina, ina da fasinja."

Ka ce, "Bai bushe ba, Kamaru."

"Ai tun ɗazu ya bushe."

"Ni nake wankewa ko kai?"

Ka ajiye musu ƙwaryar fura a tsakiyar bencin, ka koma kana goge abin da ka riga ka goge, kana ba tsumman hannunka labarin yadda mahaifinsu yake ɗaukar su biyun a keke ɗaya. Da ka mayar musu da makullai, ka matso kusa da ni ka ce, "Khairiyya, gaya wa Innarku ta kwantar da hankalinta. Yau sun zauna waje ɗaya, saura baki."

Haka ka ci gaba da yi musu lokaci bayan lokaci. Sun gane dabararka sarai, amma ba wanda ya daina kawo maka mota, kuma wannan ne ya sa muka fara sa rai. A zuwan ƙarshe an ce har sun sha daga ludayi ɗaya, sai dai maganar ce ba ta fito ba. Da na ji rasuwarka, bayan kukan rashinka, tsoro ne ya kama ni. Na ce shi ke nan, babu sauran wanda zai iya zaunar da su.

Ranar addu'ar uku, ina fitowa daga cikin gidanka ta soro, na hango Jamil yana bin maza a kan tabarmi ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, kamar yadda ake yi. Yaya yana cikin layin. Na tsaya ina kallo. Da Jamil ya iso gabansa, Yaya ne ya fara miƙa hannu, ya ce, "Jamilu, ya haƙurinmu?" Jamil ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ci ƙarfinsa, ya durƙusa a nan, hannunsa cikin na yayansa.

Da na kai wa Inna labari ta daɗe tana hawaye. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Nababa bai ji ba."

Ba ka ji ba, Baba, kuma wannan yana yi mini ciwo ƙwarai. Kalmar da ka yi ta jira, ta'aziyyarka ce ta fito da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Inna Hure, da 'ya'yanka da jikokinka, da dukkan direbobin tasharmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Nababa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka rubuta masa cikakken ladan sulhun da ya fara, Ka kuma isar masa da labarin cewa sun gaisa. Amin.