Wa ke rubutu da sunan Yaya Balaraba?

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Balaraba, amma tun bara ake ta turo mini sabbin babukan littafinta a waya, da sunanta a sama, kamar jiya ta ajiye alƙalami.

Ga wanda bai san ta ba, ungozoma ce a Wara, matar wani mai jirgin ruwa da ke ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Yelwa. Labaran soyayya take rubutawa, amma ba irin waɗanda ke ƙarewa ranar ɗaurin aure ba. Nata na wasu mata da miji ne da suka tsufa cikin kumbo a sararin samaniya, suna tafiya wata duniyar da jikokinsu ne kawai za su taka. Babu gidan iyayen da za a yi yaji a tafi, babu maƙwabcin da zai yi sulhu. Takan ce kowa ya iya son mutum daga nesa, gwaninta ita ce a kulle ka da shi shekara talatin. Mutanenta sukan yi gaba a kan gishirin miya, su kwana biyu ba magana, sannan iska ta fara ƙarewa a ɗakin tsiron da ke cikin kumbon, dole su gyara tare.

Sabbin babukan nan kuwa zuma ce zalla. Matar ba ta musu, mijin ba ya mantuwa. Kullum suna bakin taga suna kallon taurari suna kiran juna da sunaye masu zaƙi. Kama da wane ba ta wane. Wasu sun ce wata ɗalibarta ce ke rubutawa, wasu sun ce na'ura ce aka ɗura wa tsoffin littattafanta. Wanda ke rarrabawa ya rantse mini ita ta bar su, amma da na nemi ganin rubutun hannunta sai ya daina ɗaukar wayata. Ruwa ba ya tsami banza. Da tana raye, na san da kanta za ta hau jirgi ta je ta same shi.

Ran Juma'a na iske mijinta a bakin ruwa yana toshe ɓular jirgi, na karanta masa shafi biyu. Bai bari na kai na uku ba.

"Wanga ba rubutun yayarki na ba," in ji shi. "Ina faɗan?"

Na ce, "Yaya, mu kai ƙara?"

Ya ci gaba da toshe ɓular. Ya ce in dai gaya wa mutane gaskiya: ba ta gama labarin ba, ciwo ya ɗauke ta tsofaffin nan suna tsakiyar hanya, kuma a bar su nan inda ta bar su. Ya ce shi ma a tsakiyar magana ta bar shi, kuma bai nemi kowa ya ƙarasa masa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Balaraba, ya haskaka makwancinta.