Wutsiyar Roba da Ta Ƙi Tsayawa

Ko tsufa ya zo ya kwashe min duk abin da na gani a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, akwai yammaci ɗaya da na san zai bar min, wato ranar da na tsaya a ofishin wata masana'anta ina roƙon Allah a zuciyata Ya sa kayan da na yi oda su lalace. Ni ɗin nan fa, wanda duk unguwar Dengfeng ta sani da masifa a kan kaya marasa kyau.

Aikina a can shi ne tsaya wa 'yan kasuwarmu na Kano. Su turo abin da suke so, in nemo masana'anta, in sa ido har a loda a kwantena. Ina da zafi, ba na musu. Akwai wani mai kamfanin kayan roba da ƙananan injina da muke kira lawban, haka ake ce wa maigida a can. Ya taɓa yi min fankoki masu caji da suka riƙa mutuwa tun ba su bar sito ba. Ban zage shi ba, ban kai ƙara ba. Fanka ɗaya na ɗauka na tare a ofishinsa. Kullum in zo da safe, in sha shayinsa, in yi azahar a gefen teburinsa, duk baƙon da ya shigo in kunna masa fankar ta mutu a gabansa. Da bawan Allah ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya canza kayan gaba ɗaya. Tun daga nan in na ba shi aiki, da magana ɗaya nake rufewa: idan ya tsaya, zan dawo.

To, ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, malamin ilimin halittu ne a jami'a, mutum mai sanyin hali da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Sai ga shi ya ɗauki hutu daga koyarwa ya shiga wata ƙungiyar bincike ta ƙasar Turawa. Aikinsu neman hujjar kimiyya cewa halittu ba haka kawai suka samu ba, akwai mai hikimar da ya tsara su. Sun ɗauke shi na gwaji, in ya burge su a ba shi reshensu na Afirka ya riƙe. Hajiyarmu, wato mahaifiyata, ta riga ta gama shelanta wa dangi cewa ƙaninta ya zama babban darakta, saura kawai a sa hannu.

Wata rana ya kira ni yana ta zumuɗi. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna da 'yar wutsiya mai juyawa kamar farfela, a gindinta kuma akwai wani abu mai kama da inji, sassa-sassa. Hujjar ƙungiyar ita ce in ka cire sashe ɗaya tak, wutsiyar ta tsaya, don haka ba zai yiwu a ce a hankali ta haɗu ba, sai dai an tsara ta gaba ɗaya. Suna son a ƙera musu irinta da roba, babba, wadda za a riƙa kaiwa makarantu da taruka. Shi kuma ya bugi ƙirji ya ce yana da ɗa a Guangzhou da babu abin da ba ya iya sawa a ƙera.

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, wannan ai ƙaramin aiki ne." Gaskiyar magana, tun daga wajen ƙwayoyin da ido ba ya gani hankalina ya koma kan wata odar takalma da ke jira na a kasuwar Shisanhang. Ya turo zane, na tura wa lawban ta waya, na ce samfur ɗaya muke so tukuna, na kuma rufe da maganar da na saba.

Da daddare Hajiyarmu ta kira ta ce, "Ka ji dai, ƙanina ne guda ɗaya. In ka kunyata shi a gaban Turawa, ni ka kunyata." Na ce mata ta sa ranta a inuwa.

Kawu ya sauka Guangzhou da sabuwar kwat da jakar hannu, ya ƙi cin komai sai burodi da shayi saboda fargaba. An shirya cewa shugabannin ƙungiyar za su kalli samfurin kai tsaye ta bidiyo daga masana'antar, safiyarsu, la'asar ɗinmu. Lawban kuma, kamar yadda suka saba, sai ranar ya gama aikin. Ga cunkoson motoci tun daga unguwar Tianhe. Muka isa muna haki, saura kaɗan a fara.

Amma fa abin ya yi kyau. Yana zaune a kan wani faffaɗan gindi baƙi, zobba-zobba masu launi iri-iri, ga doguwar wutsiya shuɗiya a sama. Lawban ya jona wuta, wutsiya ta fara juyawa lafiya lau ba ko ƙara. Na ga Kawu ya cire tabarau yana goge ido. Na miƙa hannu zan taɓa, ya buge min hannu. "Kai, bari! Samfur ɗaya ne, hannunka ba shi da hankali." Da ya bar ni na taɓa, da wannan labarin bai samu ba.

Aka haɗa bidiyo. Fuskoki suka bayyana a allo, maza da mata, a tsakiyarsu wani dattijo mai farin gemu, shi ne shugaba. Kawu ya gyara murya ya yi bayani da Turancinsa mai tsabta, har ni da ban saurara ba a karon farko na fahimta. Sai a nan ne ma na gane cewa duk darajar kayan nan tana ga tsayawarsu. Ya ce, "Yanzu ku duba da kyau. Zan cire wannan ƙaramin zoben kawai, ku ga abin da zai faru." Ya cire jan zobe ya ɗaga shi sama.

Wutsiya ta ci gaba da juyawa abinta.

Kawu ya yi 'yar dariya ya ce wataƙila sauran ƙarfin juyin ne, a ba ta ɗan lokaci. Aka ba ta lokaci. Ba ta ko rage gudu ba. Ya cire koren zobe. Tana juyawa. Ya cire ruwan ɗorawa, ya cire fari, ya zare wasu 'yan sanduna da ya gama rantsuwa cewa su ne ƙashin bayan injin. Jama'a, wallahi sai na ga kamar ma ƙara gudu take, tunda an rage mata nauyi. Gumi ya karyo min tun daga ƙeya har cikin takalmi. Na juya na kalli lawban, sai na gan shi ya harɗe hannu a ƙirji yana murmushi, har yana ɗaga min babban yatsa.

Kawu ya juyo ya ce min da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, fuskarsa na murmushi saboda allo, "Ɗan nan, me ka sa aka yi min?"

Na ce, "Kawu, zare wayar wutar kawai, ka ce an samu matsala."

Ya sunkuya a hankali ya zare. Innalillahi! Wutsiya ko gezau. Teburin ya cika da zobba, babu abin da ya rage sai tsirarar sanda da shuɗiyar wutsiya, ba wuta ba komai, tana ta wulwulawa. Cikin ruɗewa Kawu ya hango wani maɓalli a gefen gindin ya danna da ƙarfi. Sai wata fitila ta kama, fara tas, ta haske masa fuska.

Wata mata a allo ta toshe baki da hannu. Ni kuwa na ja lawban gefe, na haɗa guntun Sinancina da guntun Turancinsa, na ce me ya aikata haka. Ya ce da suka haɗa abin bisa zane, sai yaransa suka gano babbar matsala: ko wane sashe ka cire, sai ya mutu. Da ya tuna odar tawa ce, ya ce a'a, ba zai sake ganin mutumin nan a ofishinsa yana shanye masa shayi ba. Shi ne ya sa aka ɓoye mota a cikin gindin, aka haɗa ta kai tsaye da wutsiyar, zobban nan duk suka zama ado. Da yake kuma ya san kasuwarmu, ya san ana ɗauke wuta, ya ƙara batir mai caji. Fitilar kyauta ce, har da wajen cajin waya a baya. Na ce to yaya ake kashe ta? Ya washe baki ya ce, "Meyo," wato babu. Sai batir ya ƙare, batirin kuma mai kyau ya sa min.

Ban taɓa jin ina son shaƙe mutum ina kuma jin kunyarsa a lokaci ɗaya ba sai ranar. Me zan ce masa? Abin da na koya masa ne ya yi.

Dattijon nan ya nemi a yi masa bayani. Na yi ta yi wa Kawu ido ya ce kuskuren masana'anta ne a gyara, amma Kawu ba ya iya kwana-kwana. Ya faɗi komai yadda yake. Lawban da ya ga ana maganarsa ya matso da sukundireba, ya kwantar da abin, ya buɗe gindin ya nuna wa allo motar da batirin, wutsiyar tana ta dukan teburi. Na ce a raina shi ke nan, darakta ya tafi, saura in san bakin da zan tari Hajiya da shi.

Dattijon ya shafa gemu, sai ya tafa hannu. Ya ce wannan ai ya fi abin da suka nema! Ku duba, in ji shi, abin da ido ke gani ba shi ke tafiyar da ita ba, akwai ɓoyayyen ƙarfi a ciki, wanda ya ƙera ta ya hango matsala tun ba ta zo ba ya yi tanadi. Wace hujja ce ta wuce wannan? Sauran suka shiga gyaɗa kai. Kafin a rufe bidiyon sun taya Kawu murna, sun ce reshen Afirka nasa ne, a ci gaba da ƙerawa a haka, kada a cire ko fitilar.

Na rungume lawban har na ɗaga shi sama. Na ce yau ni zan sayi abinci, na ja Kawu zuwa wani shagon taliya na Musulmin Sin da ke kusa da masaukina. Akwatin samfurin yana ƙarƙashin tebur, kana jin wutsiyar tana karta kwali. Ina ta zuba, ina tsara yadda zan ba Hajiya labari, sai na lura Kawu bai taɓa kwanonsa ba.

Ya ce, "Ɗan nan, da wutsiyar nan ta tsaya, me za su ce?"

Na ce, "Za su ce hujja ce."

"Da ta ƙi tsayawa fa, me suka ce?"

Na ce, "Sun ce hujja ce."

Ya ce, "To me muka gwada ke nan? Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa gwajin da ba zai iya ƙaryata ka ba, ba gwaji ba ne. Yau ga ni an ba ni kujera a kansa." Na ce, "Haba Kawu, ai aikin Allah ake yi, kuma an dace." Ya kalle ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ya ce, "Ni tun ban san harafi ba na san wanda ya halicce ni. Ban taɓa jiran wata roba ta tsaya kafin in yarda da Shi ba. Su ma ban ce mugaye ba ne, amma sun riga sun rubuta amsa, tambaya suke nema."

Na yi magiya, na kawo maganar albashi, na kawo maganar Hajiya, har na ce ya tausaya min ni da zan sha faɗa. Ya ja kwanonsa ya fara ci, karon farko da ya ci abincin kirki tun saukarsa, ya cinye tas ya nemi ƙari. Da ya koma gida ya ba ƙungiyar haƙuri ya ajiye kujerar, ya koma ajinsa da allonsa.

Hajiyarmu kuwa har gobe ba ta yarda da wannan bayanin ba. A wajenta ni na sa aka yi wa ƙaninta kayan banza har Turawa suka kore shi. Kawu ya rantse mata, ni ma na rantse, ta ce bakinmu ɗaya. Duk taron dangi sai ta nuna ni ta ce ga wanda ya hana su darakta, ni kuma in sunkuyar da kai in karɓa, domin in aka bi diddigi akwai hannuna a ciki.

Abin da ranar ta koya min biyu ne, ɗaya na kasuwa, ɗaya ya fi kasuwa. Yanzu in zan ba mai sana'a aiki, ba na tsayawa a kan abin da zai ƙera, sai na zauna na gaya masa amfanin da za a yi da shi, ko da kuwa amfanin lalacewa ne. Na biyun ya fi ci min rai. A ranar nan ni ne na fi kowa murna da aka tafa, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko abin da aka tafa wa gaskiya ne ba, tunda ya zo daidai da abin da nake so. Kawu ya tambaya, tambayar ta ci masa kujera, ya kuma koma gida hankalinsa kwance. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka kawo min hujjar da ta yi min daɗi tun ban gama jin ta ba, a nan nake fara jin tsoro.