Saƙon "Akwai Ruwa" Ya Fasa Min Goshi

Jama'a, yau lojisiyel ɗin, wato manhajar da na rubuta wa fonfon ruwan garin Hawandawaki, ya ja min duka!

Zare biyu, wato ayyuka biyu, ke gudu a cikinsa lokaci guda. Ɗaya na auna ruwan shato, babban tankin fonfon, ɗaya na tura wa makiyaya saƙo. Mai awon ya ci karo da kuskure ya mutu, kuma ban yi masa hanyar sanar da ɗan'uwansa ba. Shi kuwa mai saƙon ya ci gaba da tura "Akwai ruwa".

Na isa fonfon, shanu sun cika fili, kwamin shan ruwansu a bushe.

Wani dattijo ya ce, "Kai ne mai saƙon?"

Na ce, "Baba, tsaya in..."

Sai sanda a goshi. Ina ƙasa jini na zuba, wayarsa ta yi ƙara. Ya danna min ita a hanci. "Karanta."

Na karanta: "Akwai ruwa."

Ya sake ɗaga sandar.