Kawu Ilu da Kumandan na Cikin Randa

Ku da kuka zauna da Kawu Ilu a ƙauyenmu na wajen Dungass kun san ba ya karya kumallo sai ya ɗanɗana ruwan randar da ke bayan ɗakinsa. Ba ta sha ba ce, ta Kumandan ce, tarwaɗar da ya tsinto a tabki lokacin da ya fara ƙafewa. Dogon gashin bakin kifin, irin na babban soja, shi ya jawo masa sunan.

Kai, Kawu da ka'ida! Ruwan rijiya ba ya shiga randar nan sai ya kwana a ƙwarya. Na ce, "Kawu, ruwa ai ruwa ne." Ya harare ni ya ce, "Sabon ruwa baƙo ne. Kai kana kai baƙo ƙuryar ɗaki ran da ya sauka?" Kaɗan yake kwalfewa, kaɗan yake ƙarawa, laka da gansakukar tabkin da ke gindi kuwa ko yatsa ba a sa musu.

Wani baƙo daga Bande ya taɓa ɗaukar moɗa zai ɗiba, Kawu ya riƙe masa hannu. Baƙon ya ce, "Haba Malam, ai ban ƙyamaci ruwan kifinka ba." Kawu ya ce, "Shi ya ƙyamaci bakinka."

Sai shekarun fari suka zo. Shanun Kawu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, rijiya ta koma sai a yi ta jira kafin guga ya jiƙe. Rabonsa na ruwa biyu yake raba shi, ya yi taimama, Kumandan ya sha. Muna yi masa tsiya, amma wallahi tausayi yake ba mu, don ba shi da sauran abin kiwo sai kifin nan.

Ran da ya tafi Magariya karɓo dawar taimako, matarsa Inna Zuwai ta ce bari ta faranta masa. Baiwar Allah ta juye kifin a ƙwarya, ta kankare randar tas da sabulu, ta cika ta da ruwan da ta wuni tana jira a rijiya, ta mayar da shi ciki. Kafin Kawu ya dawo, Kumandan ya mutu, ya juya cikinsa sama.

Ta ce, "Malam, datti na wanke masa."

Kawu ya daɗe yana kallon randar. Ya ce, "Garinsu kika wanke masa, Zuwai."

Gidan akwai yunwa, yara sun zuba ido. Shi da kansa ya miƙa mata kifin ya ce, "Dafa musu. Ni azumi nake." Ƙarya yake, da rana na ga yana tauna goro.

Bai ga damina ta gaba ba. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yafe masa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara.