Walƙiyar da Kawu Ya Rufe a Kwalba

Har yau, in hadari ya taso na ji ƙanshin nan mai kaifi da walƙiya ke bari a iska, sai in tuna da tafiyata ƙauyen Zakka.

Ina hutun kwalejin horon malamai a lokacin, shekarun da takin zamani ya fara shigowa ƙauye amma bai isa kowa ba. Inna ta aike ni in dubo ƙanenta, Kawu Sule, wanda ya bar aikin lantarki a Kaduna ya koma gida ya kafa injin niƙa. Saƙo ya zo cewa mai gari ya ba shi zaɓi: ko ya fasa wata kwalba tasa da mutane ke tsoro, ko ya bar garin.

Katsina zuwa Batsari

Bayan sallar asuba na shiga a-kori-kura, aka ba ni gaba. Gero ya yi rawaya a gefen hanya duk da ruwan da ake samu. Da direba ya ji inda za ni, ya ce, "Wurin mai kiwon aradu? 'Yan mata, ki riƙe addu'a."

Safana

A tasha na sha fura. Mai furar ta ce matan Zakka sun daina kai niƙa, sun koma turmi. Daga nan wani mai amalanke ya ɗauke ni, amma ya tsaya nesa da gidan, ya ƙi ƙarasawa.

Zakka

Kawu ya rame, yana tari. "Hauwa'u, Yaya ce ta turo ki ki ga ko na zauce?" Ya yi dariya, ya kai ni ɗakin niƙa, ya tayar da injin da ya jona wa wayoyin lantarki.

A cikin wata ƙatuwar kwalba, tsakanin ƙarafa biyu, wata shuɗiyar wuta ta miƙe tana rawa, tana huci kamar maciji. Ba itace, ba mai. A hankali jan hayaƙi ya taru, ya bi bututu ta cikin garin ƙarfe, ya nutse a randar ruwa.

"Taki na cikin iskar da muke shaƙa," in ji shi. "Walƙiya ce ke kwance shi. Garin ƙarfen nan zuga aikin kawai yake yi, ba ya ƙarewa."

Ya nuna mini dawar da yake bai wa ruwan randar. Kore shar, har ta yi duhu, ita kaɗai a tsakiyar gonaki masu rawaya.

Mun koma ɗakin muna tsaye sai ga Goggo Dije, tsohuwar Bafulatana da ke kawo masa nono, da ƙwaryar madara a hannu. A wajen Fulani madara kaɗai ke kashe wutar aradu.

"Sule, ɗana, wannan abu shan ka yake yi," ta ce, ta sheƙa madarar kan wayoyin. Aka ji tas! Kwalbar ta tsage, ɗakin ya yi tsit. Kawu ya zauna a ƙasa.

Komawa

Washegari muka taho tare da Kawu, muka iso Katsina kafin la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa mai amalanken da ya yarda ya ɗauke mu. Na faɗa wa Inna hankalin ƙanenta ƙalau yake. An ce dawar ta yi zangarniya, ba wanda ya yanka.

Sai bayan na yi shekaru ina koyarwa na karanta cewa gaskiyar Kawu ce, walƙiya na yin taki daga iska. A shafin kuma aka ce jan hayaƙin nan guba ne mai cin huhu a hankali. Tarin Kawu, sati uku da fasa kwalbar ya tsaya.