Agogon da Ya Daina Jin Zuciyata

Ni tsohuwar malamar firamare ce a Talata Mafara. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da ritaya ba, ga hawan jini, likita ya ce in riƙa tattaki kullum. Ƙanena ya kawo mini agogon nan mai ƙirga bugun zuciya, mai ɗan koren haske a bayansa, na ɗauki son duniya na ɗora masa. Da sassafe nakan bi gefen magudanar ruwan Bakolori, raɓa kwance a kan shinkafa, balbelu na tashi a hankali, ni kuwa ina ta duba hannuna.

Wata safiya, bayan mun dawo biki daga Bakura, lambar bugun da agogon ke nunawa ta soma rawa. Ta hau, ta faɗo, can sai ta ɓace. Na sa shi a caji, na goge bayansa, na matse maɗaurin har ya yi mini shaida, na kashe na kunna, duk a banza. Na kai wa mai gyaran waya a kasuwa. Yana ɗaurawa a nasa hannun ya kama aiki, ya ce agogon lafiyarsa ƙalau. Na yi godiya na fito. In agogo lafiya yake, to ni ce ba lafiya.

Ban koma asibiti ba don tsoron abin da zan ji, ban kuma gaya wa kowa ba. Na ci gaba da fita, amma kamar a mafarki. Komai ya ƙara kyau a idona: ruwan nan mai tafiya shiru, ƙamshin albasa daga fadama, kiran sallah daga nesa, duk ina yi musu ban kwana a zuci. Na bi maƙwabta ina neman gafara, suna zolayata wai ko Makka zan tafi ban faɗa ba.

A kwanakin ne 'yata da ke aure a Janbako ta shiga watan haihuwa. Cikinta na fari bai zo da rai ba, shi ya sa tun tuni na yi mata alkawarin wannan karon ina gefenta. Ta kira ta tambayi ranar zuwana, na ce ƙafa ke damuna. Gaskiyar ita ce ina tsoron in faɗi a hanyar nan mai gargada, ko in cika a ɗakinta tana fama da kanta. A ganina tausayinta nake ji.

Wata rana ina wankin shinkafa na tura agogon sama don kada ya jiƙe, sai lambar ta dawo ta zauna daram. Na sauko da shi, ta ɓace. Sai na kalli baƙin lallen bikin da aka zana mini har ya wuce wuyan hannu. Ashe shi ne ya tare hasken da agogon ke gane bugun da shi! Na yi dariya har na koma kuka, don a lokacin 'yata ta riga ta haihu.

Na kama hanyar Janbako, na tarar da su lafiya, ita da jaririyar, alhamdu lillahi. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Tana gyara wa 'yar zani ne ta ce, da naƙuda ta yi tsanani, duk sanda labule ya motsa sai ta ɗauka ni ce.

Abin da na koya shi ne, tsoron da aka ɓoye ya fi ciwon ɓarna. 'Yan'uwa, in na'ura ta firgita ku, ku je wurin likita, ku kuma faɗa wa naku. Da na buɗe baki ko sau ɗaya, da ni ce na ɗaga labulen nan.